Me 'yan jaridar Amurka suke nufi da "egghead" a shekarun 1950?

Wani ɗalibin aikin jarida ya yi wannan tambaya: yana karanta tsofaffin jaridun Amurka na shekarun 1950 domin bincikensa, kuma yana yawan cin karo da kalmar "egghead". Ƙamus ya ce masa ma'anarta mai zurfin ilimi, amma yadda yake ganinta a cikin labarai bai yi masa kama da yabo ba. Shin zagi ce ko wasa, kuma yaya 'yan jarida suke amfani da ita?

Ɗan'uwa, ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya ba ka. Kalmar a zahirinta tana nufin mai kai irin ƙwai, wato kai mai sulɓi da sanƙo da faɗin goshi. Wanda ake jifa da ita kuwa shi ne malamin jami'a, ko marubuci, ko masanin tattalin arziki, ko duk wani wanda ake ganin karatu ya raba shi da jama'a. Raini ne, amma nauyin rainin ba ɗaya ba ne a kowace shekara. A watan Satumba na 1952 tsokana ce. Zuwa watan Disamba na wannan shekarar ta zama tuhuma. Bayan 1957 kuma ta yi laushi har wasu suna kiran kansu da ita. Saboda haka kafin ka yanke hukunci a kan kowace jimla da ka gan ta a ciki, duba kwanan watan jaridar, duba shafin da take, sannan ka duba bakin wa ta fito.

Kalmar ta girmi shekarun 1950. Tun farkon ƙarni na 20 ana jin ta jefi-jefi, kuma a ɗakunan labarai ma ta taɓa zama. Marubucin waƙoƙi Carl Sandburg, wanda ya yi aikin jarida a Chicago, ya faɗa a wata wasiƙa ta 1918 cewa haka 'yan jaridar garin suke kiran masu rubuta sharhin edita. Ka ga ke nan tun asali akwai 'yar tsama ta cikin gida: wakilin da ke yawo a kotu da ofishin 'yan sanda yana yi wa wanda ke zaune a ofis yana rubuta ra'ayi kallon wanda bai san rana ba. Amma kalmar ba ta fita kasuwa ba sai a zaɓen shugaban ƙasa na 1952.

A wannan zaɓe jam'iyyar Democrat ta tsayar da gwamnan jihar Illinois, Adlai Stevenson, jam'iyyar Republican kuma ta tsayar da Janar Dwight Eisenhower, wanda ya jagoranci sojojin ƙawance a Yammacin Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Stevenson mutum ne mai sanƙo, mai iya tsara magana, mai son gyara jawabinsa har zuwa lokacin da zai hau dandamali. Da ya karɓi takara a Chicago a watan Yuli, ya yi alƙawarin zai yi wa Amurkawa magana ta hankali, ba zai ɓoye musu cewa babu riba sai da wahala ba. Malaman jami'o'i da marubuta suka yi masa ruwa, suka rungume shi kamar ba su taɓa ganin ɗan siyasa ba.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu, Joseph Alsop da Stewart Alsop, da suke rubuta shafin sharhi tare a jaridar New York Herald Tribune, kuma jaridu masu yawa a faɗin ƙasar suna sake buga shi. A watan Satumba Stewart ya kawo wata hira da ya yi da wani matashin ɗan Republican na jihar Connecticut. Daga baya aka san ƙaninsu ne, John Alsop. Stewart ya ce masa ya lura mutane masu basira da yawa, waɗanda a da Republican suke zaɓa, yanzu Stevenson yana burge su. Sai John ya amsa da cewa, ƙwarai, duk "eggheads" suna son Stevenson, amma su nawa ne a ganinka?

Tsaya ka dubi wannan amsa da kyau, domin a nan mutane da yawa suke kuskuren fahimtar asalin abin. John Alsop bai ce masu ilimi mugaye ba ne, bai ce ba su da gaskiya ba. Lissafin ƙuri'a yake yi. A 1950, cikin Amurkawa masu shekara 25 zuwa sama, kusan kashi 6 cikin 100 ne kawai suka kammala digiri. Ɗan takarar da ya mallaki zukatan wannan rukuni kaɗai bai mallaki komai ba a ranar zaɓe. Kuma wanda ya yi maganar ba baƙo ba ne a gidan ilimi. Shi da Stewart sun yi karatu a jami'ar Yale, Joseph ya yi a jami'ar Harvard, mahaifiyarsu kuma 'yar ƙanwar tsohon shugaba Theodore Roosevelt ce. Wato kalmar daga cikin manyan gidaje ta fito, tsokana ce tsakanin mutanen da suka san juna. Shi ya sa a makonnin farko za ka gan ta cikin alamar zancen wani, tare da ɗan bayani ga mai karatu, kamar sabon abu da ake nuna wa jama'a.

Abin da ya sa ta bazu cikin 'yan makonni yana da alaƙa da yadda ake haɗa jarida a wancan zamani. Kalmar da ake da ita ta girmamawa, "intellectual", harafi 12 ce. "Egghead" harafi 7. Wanda ya taɓa zama a teburin editan da ke rubuta kanun labarai ya san abin da harafi biyar yake nufi idan layin shafi ɗaya aka ba ka kuma injin buga jarida yana jira. Gajeriyar kalma ita ke cin kanu, ko da ta fi doguwar rashin adalci. Ban da haka kalmar tana zuwa da hotonta. Mai zanen barkwanci ba ya buƙatar wani bayani, ƙwai kawai zai zana ya ɗora masa tabarau. Mai rubuta kanu kuma ya samu hanyar wasa da fashewar ƙwai da soya shi da dafa shi. A 1956 mujallar Newsweek ta yi bangonta da hoton ƙwai sanye da tabarau, a kan wani dogon rahoto game da su waye waɗannan mutane.

Idan kana neman abin da ya fi kusa da wannan a wajenmu, dubi bambancin habaici da zambo. Habaici yana kewayawa, ba ya kama suna, wanda ya tsargu shi ya sani. Zambo kuwa yakan kama siffar jikin mutum ya mayar da ita abin dariya, ta yadda duk wanda ya gan shi gobe sai ya tuna. "Egghead" zambo ne. Sanƙon Stevenson ya ba shi wurin zama, daga nan aka shimfiɗa shi a kan duk wanda ya goyi bayansa, mai gashi da maras gashi.

Ba a fili kalmar ta faɗo ba, ta tarar da ƙasa a jiƙe. Tun 1932 wani wakilin New York Times, James Kieran, ya laƙaba wa malaman jami'ar Columbia da ke ba Franklin Roosevelt shawara, irin su Raymond Moley da Rexford Tugwell da Adolf Berle, sunan "brain trust", wato gungun masu ƙwaƙwalwa. Shekara 20 jam'iyyar Democrat ta yi a fadar White House, daga 1933, kuma a duk tsawon lokacin 'yan kasuwa da jaridun da ke tare da su suna kukan cewa malaman da ba su taɓa biyan ma'aikaci albashi ba su ne suke tsara musu dokoki. Akwai kuma tsohuwar kalma "highbrow", mai dogon goshi, wadda ta fi shafar ɗanɗano: irin kiɗan da mutum yake ji, irin littafin da yake karantawa. A 1949 Russell Lynes ya yi wani rubutu a mujallar Harper's yana rarraba Amurkawa gida-gida bisa wannan ma'auni, mujallar Life kuma ta mayar da shi jadawali mai hotuna. Wancan duk nishaɗi ne. Abin da "egghead" ta ƙara shi ne siyasa, kuma siyasar 1952 ba ta wasa ba ce.

A watan Janairu na 1950 kotu ta samu Alger Hiss, tsohon babban jami'i a ma'aikatar harkokin waje, da laifin rantsuwa a kan ƙarya a shari'ar da ta shafi zargin yi wa Tarayyar Sobiyet leƙen asiri. Hiss ya yi karatun lauya a Harvard, ga iya sa kaya, ga iya magana, duk siffar da ake so a ce ta mai ilimin da ba a yarda da shi ba. Stevenson ya taɓa aiki tare da shi, kuma a 1949 ya ba da shaida a rubuce cewa a iya abin da ya ji daga mutane, Hiss yana da suna mai kyau. Wannan takarda ta bi shi har zaɓe. Sanata Joseph McCarthy, wanda ya yi suna wajen zargin mutane da kwaminisanci, a wani jawabi da aka watsa daga Chicago a ƙarshen Oktoba na 1952, ya yi kamar harshensa ya zame, ya ce "Alger", sannan ya gyara ya ce "Adlai". Richard Nixon, mataimakin Eisenhower a takarar, ya ce Stevenson ya samu digirin digirgir ne a makarantar ragwantaka ta Dean Acheson, sakataren harkokin waje na lokacin, inda ake koyar da lallaɓa kwaminisanci. Lura da yadda Nixon ya zaɓi digiri da makaranta ya gina zaginsa a kai. Ilimin kansa aka mayar abin zargi.

A cikin wannan iska ne kalmar ta canja. Marubucin ƙagaggun labarai Louis Bromfield, wanda shi kansa ya taɓa cin kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta marubuta a Amurka, ya yi rubutu a mujallar The Freeman a watan Disamba na 1952, bayan an gama zaɓe, inda ya ba da ma'anar kalmar kamar yadda ƙamus zai yi. A cewarsa "egghead" mutum ne mai da'awar ilimin da ba shi da shi, galibi farfesa ko yaron farfesa, wanda tunaninsa ba ya nutso, mai saurin motsuwar zuciya irin ta mata a kan kowace matsala, mai girman kai, mai raina ƙwarewar mutanen da suka fi shi sanin aiki, mai juya batu ta kowace fuska har ya rikice bai matsa daga inda yake ba, kuma mai karkata ga gurguzu irin na Turai. Karanta wannan ka kwatanta da maganar John Alsop ta wata uku kafin nan. Alsop ya ce ba su da yawa. Bromfield ya ce ba su da amana, ba su da mazantaka, ba su da kishin ƙasa.

Batun mazantakar nan kada ka wuce shi da sauri, domin yana cikin ƙashin bayan kalmar, kuma mai karatu na yau yakan kasa jin sa. Jaridar New York Daily News ta riƙa kiran Stevenson da sunan mace, "Adelaide", tana yi wa muryarsa ba'a. Mutumin ya rabu da matarsa a 1949, abokin karawarsa kuma janar ne da ya ci yaƙi. A daidai waɗannan shekaru gwamnatin Amurka tana korar ma'aikata da yawa bisa zargin luwaɗi, tana cewa barazana ne ga tsaro. Don haka idan marubucin shafi a 1953 ya kira wani jami'i "egghead" ya kuma haɗa da kalmomi irin su laushi ko rauni, masu karatunsa sun ji abin da bai rubuta ba. Ƙwai abu ne mai saurin fashewa, kuma wannan ma yana cikin hoton.

Yanzu ga abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai a matsayinka na mai koyon wannan aiki, wato yadda kalmar ta yi tafiya a cikin jaridar kanta. Da farko tana bakin wani: ɗan siyasa ya faɗa, wakili ya ruwaito, an sa alamar zancen wani, an faɗi mai maganar. Wannan ba laifi, aikin wakili ke nan. Daga nan sai ta koma hannun marubutan shafi da masu sharhin edita, waɗanda dama ra'ayi aka ɗauke su su bayar. Mataki na gaba shi ne wanda ya fi ɓarna. Alamar tana nan amma mai maganar ya ɓace. Za ka ga an rubuta cewa ɗan takara yana neman ƙuri'un "eggheads", ba a ce wa ya kira su haka ba. Jarida ta yi jifa ta ɓoye hannu: idan an yi ƙorafi ta ce ai maganar mutane ce, ga alama nan. A ƙarshe alamar ma ta faɗi, kalmar ta zauna a cikin labari tsirara kamar sunan sana'a, kamar a ce manomi ko direba. Idan ka jera jaridun 1952 zuwa 1956 za ka ga waɗannan matakai suna cuɗanya da juna, wata jaridar ta riga wata, amma alƙiblar ɗaya ce.

A ganina a nan ne aikin jarida ya gaza. Laƙabi irin wannan yana sauke wa marubuci nauyin amsa hujja. Masanin tattalin arziki ya ce wannan tsarin haraji zai haifar da kaza. Amsar da ta dace ita ce a duba lissafinsa, a nemo wani masanin da ya saɓa masa, a ajiye wa mai karatu duka biyun. Idan aka ce "egghead" ne, an gama, ba sai an buɗe takardarsa ba. Kuma kalmar tana yi wa mai karatu daɗin baki, tana ce masa kai da ba ka karanta ba ka fi shi sanin duniya. Mutumin da aka gaya wa haka ba zai nemi ƙarin bayani ba. Jaridar da ta saba wa masu karatunta da wannan ta rage musu abin da suka biya kuɗi domin su samu.

Kuma ka tuna su wa ke da jaridun. A zaɓen 1952 kusan kashi biyu cikin uku na jaridun kullum sun fito fili sun goyi bayan Eisenhower, waɗanda suka bi Stevenson kuwa 'yan kaɗan ne. Shi da kansa ya yi ƙorafi a wani jawabi a Portland ta jihar Oregon a watan Satumba cewa ƙasar mai jam'iyya biyu tana neman zama mai jaridar jam'iyya ɗaya. Masu jaridun ba jahilai ba ne. Henry Luce, mai mujallun Time da Life, wanda ya tsaya wa Eisenhower tsayin daka, a Yale ya yi karatu. Eisenhower kansa a lokacin da yake takara shi ne shugaban jami'ar Columbia. Stevenson kuwa, da aka ɗora wa rawanin masu ilimi, ya yi Princeton, ya fara karatun lauya a Harvard bai kai ƙarshe ba, ya je ya kammala a Northwestern, kuma masu rubuta tarihinsa sun nuna ba mutum ne mai yawan zama da littafi ba. Masana irin su Arthur Schlesinger da John Kenneth Galbraith suna cikin masu taya shi rubuta jawabai. Wannan yana nuna maka cewa kalmar ba ta auna yawan karatun mutum. Tana nuna ɓangaren da yake, da irin muryar da yake magana da ita.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Ba kalmar ce ta kayar da Stevenson ba. Eisenhower ya samu kusan kashi 55 cikin 100 na ƙuri'un jama'a, da ƙuri'un wakilan zaɓe na jihohi, waɗanda su ne ke tabbatar da shugaban ƙasa, guda 442, Stevenson ya tashi da 89. Yaƙin Koriya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ana ta fallasa cin hanci a gwamnatin Harry Truman, mutane sun gaji da jam'iyya ɗaya, ga kuma janar da ya yi alƙawari a Detroit a ƙarshen Oktoba cewa zai je Koriya da kansa. Da wuya wani ɗan Democrat ya ci wannan zaɓe. Sannan magoya bayan Stevenson sun ba masu zambon abin kamawa. Eisenhower yana sayen 'yan daƙiƙoƙi a talabijin, inda talaka zai yi tambaya a kan tsadar kaya ya ba shi amsa a jimla biyu. Stevenson yana sayen rabin awa yana karanta jawabi, wani lokaci a yanke shi bai gama ba. Da aka faɗi, wasu daga cikin masoyansa sun yi magana kamar jama'a ce ba ta cancanci ɗan takararsu ba. Mujallar Time ta rubuta bayan zaɓen cewa akwai wani faffaɗan giɓi maras kyau tsakanin masu ilimin Amurka da sauran jama'a. Time tana da ɓangare, amma giɓin da ta ambata akwai shi.

Su waɗanda aka yi wa laƙabin ta hanya biyu suka amsa. Schlesinger ya ɗauki abin da zafi, ya rubuta a mujallar Partisan Review a 1953 cewa mai ilimi a Amurka yanzu gudun ceton rai yake yi. Stevenson kuwa ya zaɓi dariya. Ya ari kiran nan na 'yan gurguzu da ke cewa ma'aikatan duniya su haɗa kai, ya ce "eggheads" su haɗa kai, ba abin da za su rasa sai gwaiduwarsu, domin a Turanci kalmar gwaiduwa da ta karkiyar da ake ɗaura wa shanu sautinsu ɗaya. A wata lacca a Harvard a 1954 ya ƙirƙiro jimlar Latin mai ma'anar cewa hanyar mai kan ƙwai tana da wuya. Jaridu sun so wannan, sun yi ta maimaitawa. Saboda haka idan ka ga kalmar a bakin Stevenson ko a jaridar da ke tare da shi, ba zagi ba ne, karɓe makamin abokin gaba ne. Sai dai dabarar tana da tsada. Wasa da Latin a Harvard yana faranta wa wanda ya riga ya yarda da kai, yana kuma tabbatar wa ma'aikacin masana'antar mota a Detroit abin da aka gaya masa game da kai.

A wannan shekarar ta 1954 Eisenhower, yana shugaban ƙasa, ya faɗa wa wani taro a Los Angeles cewa ya ji wata ma'ana ta mai ilimi da ta burge shi: mutumin da ke amfani da kalmomi fiye da yadda ake buƙata domin ya faɗi fiye da abin da ya sani. A shekarar ce kuma aka janye wa Robert Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko, izinin ganin asiran gwamnati. Cikin waɗanda suka fito suka kare shi da ƙarfi akwai Joseph da Stewart Alsop, a wani dogon rubutu a Harper's. Mutanen da shafinsu ya saki kalmar su ne kuma suka yi shekaru suna faɗa da McCarthy da irin abin da aka yi da ita. Wanda ya saki kalma a jarida ba shi da iko a kan inda za ta sauka.

A zaɓen 1956 an sake karawa, Eisenhower ya sake cinyewa da ƙuri'un wakilan zaɓe 457, Stevenson 73, kuma kalmar ta sake zagayowa, amma ta fara tsufa. Abin da ya karya mata ƙarfi ya zo ne ranar 4 ga Oktoba, 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik. Bayan kusan wata guda Eisenhower ya naɗa shugaban jami'ar MIT, James Killian, mai ba shi shawara kan kimiyya. A 1958 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, majalisa kuma ta zartar da dokar zuba kuɗi a koyar da lissafi da kimiyya da harsunan waje da sunan tsaron ƙasa. Mujallar Life ta yi jerin rahotanni a kan matsalar ilimi, tana kwatanta ɗalibin sakandare na Moscow da na Chicago, sakamakon bai yi wa Amurkawa daɗi ba. Daga nan za ka fara ganin kalmar a kanun labarai da wata fuska: ana neman "eggheads", ana tambayar ko ƙasar tana da isassu. Amma ka lura da wa aka yafe wa. Mai lissafi da mai haɗa roka aka buɗe wa ƙofa, domin an ga amfaninsu a Yaƙin Cacar Baka. Masanin tarihi ko na zamantakewa da ke sukar manufofin gwamnati bai samu wannan sassauci ba sosai. Da John Kennedy ya hau mulki a 1961 ya kwaso mutanen Harvard irin su McGeorge Bundy da Schlesinger da Galbraith, jaridu sun yi amfani da kalmar a kansu kusan da sha'awa. Richard Hofstadter, masanin tarihi a Columbia, ya buɗe littafinsa na 1963 a kan ƙyamar masu ilimi a rayuwar Amurka da wannan labari na 1952, kuma littafin ya ci kyautar Pulitzer a 1964. Idan bincikenka zai yi nisa, daga nan ya kamata ka fara.

In za ka kawo kalmar cikin rubutun Hausa, shawarata ka bar ta yadda take a karon farko ka yi bayaninta, daga nan ka bi ma'anar kowace jimla. "Mai kan ƙwai" ba zai gaya wa Bahaushe komai ba. "Masani" ko "mai ilimi" sun goge rainin gaba ɗaya, sun mayar da zagi yabo. "Ɗan boko" ya kusa ta fuskar mutumin da ake ganin karatu ya nisanta shi da mutanensa, amma yana ɗauke da tarihin zuwan Turawa da karon makarantar boko da ta allo, abin da babu shi a Amurka ta 1952, don haka zai sa mai karatunka ya ji abin da marubucin bai nufa ba. Inda ake nufin yawan magana ba aiki, irin ma'anar da Eisenhower ya bayar, "masu dogon Turanci" ya dace ƙwarai. Inda ake nufin wanda ya san littafi bai san rayuwa ba, "masu ilimin takarda" ya fi. Irin ta Bromfield kuwa, mai haɗe da zargin cin amanar ƙasa da rashin mazantaka, babu kalma ɗaya da za ta ɗauke ta, sai ka buɗe ta da jimla.

Idan bincikenka ya kai ƙarshen shekarun 1960, za ka ga kalmar ta yi sanyi har ba ta isar mai son yin rauni. George Wallace, tsohon gwamnan Alabama da ya yi takarar shugaban ƙasa a 1968, ya koma cewa "pointy-headed", masu tsinin kai, yana nufin malaman jami'a da jami'an Washington da ke tilasta haɗa yara baƙaƙe da farare a makaranta ɗaya. A watan Oktoba na 1969 kuma mataimakin shugaban ƙasa Spiro Agnew, a New Orleans, ya kira masu goyon bayan zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam gungun lalatattun masu girman kai da ke kiran kansu masu ilimi. Wata guda bayan haka, a wani jawabi a Des Moines ta jihar Iowa, ya juya kan masu sharhin labarai na gidajen talabijin, ya ce 'yan tsiraru ne da ba wanda ya zaɓe su, suna zaune a New York da Washington suna magana da junansu.